Katakon Ƙarƙashin Gadon Dada

Soron Ɗinki, Kano
Farkon watan Yuli

Adda Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Anas da yara, da shanun mutane da kike bi dutse-dutse kina tsira wa allura. Yaya sanyin Gembu? Mu nan lafiya ƙalau muke, sai ruwan sama da ya sa mu gaba. Aikin idon kakarmu Dada ya yi kyau, an cire yanar, tana Mandawari wajen Goggo Halima tana jinya. Likita ya hana ta sunkuyo da shiga rana. Jiya na je duba ta, ta ƙura mini ido ta ce tunda ta fara gani ta gane ashe mummunan miji take aure, in sawwaƙe mata. Na ce ina nan daram, babu inda za ni.

Tunda wayarku ta kan dutse sai ta ga dama take shiga, na ba Sani direba wannan takarda da ɗan ƙunshi, in ya zo ɗaukar ayaba ya miƙa miki. Buɗe ki gani, sannan ki daina kirana mai buga-buga.

Injin da na ishe ki da labarinsa ya fara aiki a shagon da na kama a Ƙofar Na'isa. Injin sassaƙa ne, amma kwamfuta ce ke tuƙa shi, CNC ake ce masa. Nawa dai in zana abin da nake so a laftof, in ɗaure katako tamau a kan teburin injin, in nuna masa inda zai fara. Daga nan sai bakinsa ya sauko yana juyawa, yana cin katakon kaɗan-kaɗan har siffar ta fito. Abin da ke hannunki mazaunin kati ne, na ɗorawa a teburin ofis. Wannan ramin da kika gani a karkace, nan ake jera katunan nan masu suna da lambar waya, yadda baƙo zai zari ɗaya ba tare da sauran sun zube ba. Ramin ya ba ni wuya ba kaɗan ba. Na farko ya yi ƙunci, kati ya ƙi shiga. A na biyu na yi gaggawa na zurfafa, bakin injin ya karye, har na ji kamar haƙorina ne ya fita.

Amma bar batun inji, dubi katakon kansa. Kirya ce tsohuwa, irin wadda ko da kuɗinka ba ka samu yanzu, kuma a gida na tsince ta. Rufin ɗakin Dada ne ya fara yoyo, Baffa Ɗayyabu ya ce a fitar da komai a gyara kafin ta dawo. Da muka ja gadon sai ga wasu katakai a ƙasa, naɗe cikin tsohuwar tabarma, baƙi ƙirin, duk jikinsu sawun gizago. Baffa ya taɓa da ƙafa ya ce tarkacen tsofaffi ne, in ban kwashe ba zai ba mai waina ta hura wuta. Na ɗauki ɗaya na sa inji ya share samansa, sai ga ja ya fito, mai sheƙi, ko fenti ba ya bukata. Abin mamaki, in inji yana ci, ƙanshin man shanu ne ke tashi, har maƙwabcina mai ɗinki ya leƙo yana tambaya ko tuwo nake ci ban kira shi ba.

Katako ɗaya na yanka, ya ba ni guda huɗu. Naki ne wannan, na ba Baffa ɗaya. Shi da ba shi da kati ko na rantsuwa, ya jefa shi a aljihun babbar riga yana nuna wa mutane a bakin masallaci. In abokan aikinki sun gani sun yaba, ki gaya mini, akwai sauran katako.

Ki gaida Malam da yara.

Ƙaninki,
Tajuddeen

*

Tashar Gembu

Taju,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa Dada sauƙi. A tsaye nake rubuta wannan, Sani yana ta danna mini hon.

Saƙo ya iso. Na yi ta kiranka tun shekaranjiya. Sau ɗaya ta shiga, babu abin da nake ji sai ƙarar injinka, kai kuma kana ta ihun "zan kira ki, Adda, zan kira ki." Har yanzu ina jira.

Tabarmar da aka naɗe katakan nan, mai jan baki ce? Nawa suka rage? Ka ajiye mini sauran duka. Kada ka ba kowa, kada ka sayar, kuma kada ka yi maganarsu da kowa a gida, musamman a Mandawari. Gobe za mu fita rigakafin shanu rugagen da ke bakin iyaka, can ko labarin waya babu. In na dawo zan yi maka bayani a tsanake.

Ka ji abin da na ce, Taju. Ka ajiye mini.

Yayarka,
Zaituna

*

Soron Ɗinki, Kano
Ƙarshen watan Yuli

Adda Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fata kin dawo daga rugage lafiya, babu saniyar da ta yi miki harbi. Dada tana samun sauƙi, har ta fara gane launin zane. Likita ya ce ta ƙara sati uku a Mandawari. An gama gyaran rufin ɗakinta, saura shafe.

Na karanta takardarki na yi ta dariya ni kaɗai. Ashe haka abin ya shiga ranki? Ke da ba ki taɓa yaba mini komai ba tun ina rarrafe, yau ga ki kina cewa a ajiye miki duka, kada a ba kowa. E, tabarmar mai jan baki ce, ban san me ya dame ki da tabarma ba.

Na bi umarninki. Wani mai sayar da gidaje ya ga na wajen Baffa, ya biyo ni har shago yana so a yi wa ma'aikatansa, na ce masa Addata ta riga shi. Kuma na yi miki abin da ya fi ajiya. Na ce me zai sa ki dawo ki tarar da ɗanyen katako, alhali inji na zaune? Na zuba wa janareto mai, na shafe sati ina kai. Yanzu hannuna ya faɗa, ko baki ɗaya ban karya ba. Na gane kirya ba ta son gaggawa, sai an bi ta a hankali, a sauka kaɗan, a koma a sake sauka. Duk na yanka su, na goge da sanfefa, na zagaye gefunan yadda ba za su karci hannu ba. Gaban kowanne na bar shi fili, in kin turo sunayen mutanenki sai a zana.

Sun cika kwali guda, ga shi nan wajen Sani. Babu abin da ya tafi a banza: guntayen na ba mai shayin bakin shago ya hura wuta, garin katakon kuma wani mai kiwon kaji ya kwashe.

Ban yi maganar da kowa ba kamar yadda kika ce, ko da yake ban ga abin ɓoyewa ba. Ina jiran yabo, kuma a rubuce nake so, don in ajiye shaida.

Ƙaninki,
Tajuddeen

*

Gembu
Watan Agusta

Tajuddeen,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna lafiya, in za a kira wannan lafiya. Jiya na dawo na tarar da kwalinka a tsakar ɗaki, yara sun buɗe suna jera su kamar motoci. Na karanta takardarka, na saki salati. Malam ya ɗauka mutuwa aka yi.

Taju, itacen kabarin Dada ka yanka.

Ka sake karantawa, don na san ka, ido kawai kake bi da shi a kan takarda. Katakan nan su ne ta tanada a rufe ta da su ranar da Allah ya yi nata.

Bari in gaya maka abin da ya kamata in rubuta tun a tasha, na kasa. Lokacin da suke ruga, kafin a san za a zo birni, akwai wata kirya a bakin garken kakanmu Malam Ƙasimu. A inuwarta Dada take tatsar nono. Wata shekara iska ta kayar da ita, kakanmu ya kira masassaƙi ya fasa ta da gizago, ya raba biyu, ya ce rabi nasa, rabi nata, itace ɗaya zai rufe su. Ba a daɗe ba ya rasu, aka rufe shi da nasa. Su Baffa da marigayi babanmu duk suna ƙanana. Da shanu suka ƙare ta taho birni wajen dangi, ta bar ƙorai, ta bar gadonta na kara, amma ta ɗauko katakan nan a kan jaki. Yau shekara arba'in da wani abu. Rugar ma babu ita, gonaki sun cinye wurin, kabarin kakanmu ko ita ba za ta iya nuna shi ba. Abin da ya rage mata da shi ke nan.

Za ka ce me ya sa Baffa bai sani ba. Ka taɓa jin Dada ta kira sunan Baffa? Ɗan fari ne, ko ido ba ta haɗawa da shi, balle ta zaunar da shi ta yi masa zancen kabarinta da na mijinta. Ni ta gaya wa, don ni nake kwana a ɗakinta. Duk shekara bayan Babbar Sallah takan sa in rufe ƙofa, mu jawo su, ta shafe su da man shanu ɗaya bayan ɗaya tana yi musu magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Ƙanshin da kai da maƙwabcinka kuka yi ta raha a kai ke nan. Ranar da za a kai ni ɗakin miji ta ba ni makullin akwatin da likkafaninta yake ciki, ta ce ni zan yi mata wanka, ni zan nuna wa maza katakan. Amana ta ba ni.

Na ce ka ajiye. Ajiye! Wace Hausa ce ta koya maka cewa ajiye yana nufin yanka? Amma ni ma da nawa. Na ji nauyin rubuta kalmar kabari a kan mutumin da ke raye, ga takarda a hannun direba, sai na yi ta kewaye-kewaye. Da na daure na rubuta layi ɗaya, da katako ɗaya kawai muka rasa. Mai shayi, Taju. Kaji!

Yanzu ka saurare ni da kyau. Tsohuwar nan ta fito daga aiki, jininta na hawa. In ta dawo ta laluba ƙarƙashin gado ta ji wayam, ban san abin da zai faru ba, kuma ba na so in sani. Ka je wajen masu sassaƙa turmi, su ne ke da kirya. Ka samo irinsu, tsayi ɗaya, kauri ɗaya, guda bakwai ne. Na san ka ɗauki hotonsu, ba ka barin komai bai shiga wayarka ba. Injin da ya iya ɓatawa ya iya gyarawa. Ka mayar da su yadda suke, ka naɗe a tabarmar, ka tura ƙarƙashin gado kafin ta dawo. Idonta bai gama washewa ba.

Kada Baffa ya ji, kada Goggo ta ji. Daga ni sai kai.

Zaituna

*

Soron Ɗinki, Kano
Ƙarshen watan Agusta

Adda,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita. Dada ta dawo gida.

A shago Sani ya ba ni takardarki, inji yana aiki. Ban san lokacin da na kashe shi ba. Na daɗe ina kallon ƙasa, don har yanzu akwai jan gari a lungunan shagon da tsintsiya ba ta kai ba. Na durƙusa na tattara shi da hannu na zuba a leda, ban ma san me zan yi da shi ba. Na je wajen mai shayi kamar mahaukaci ina tambayarsa guntayen, ya ce ai tuni, kuma ya yaba, ya ce sun fi gawayi riƙe wuta. Adda, ban taɓa jin na tsani hannuna ba sai ranar.

Zuciyata ba ta kwanta da shawararki ba, amma ban da wata, kuma ke ce babba. Na samo kiryar da ƙyar wajen wani masassaƙi a hanyar Wudil. Na buɗe hotunan, na zauna ina zana sawun gizago a laftof, rami-rami, wani ya fi wani zurfi, don kada su zo iri ɗaya. Mutumin da ya yi na asalin wataƙila yini ɗaya ya yi yana sara yana hira. Ni kwana da kwanaki na yi ina koya wa inji ƙarya. Da ya gama na kanga su a hayaƙi, na shafa man shanu da toka, na goge, na sake shafawa. Wallahi da na jera su ni kaina sai na ga kamar na asalin ne.

Ranar da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce wa ya taɓa mata gado. Na ce ni ne. Ta ce kowa ya fita, ni in tsaya in rufe ƙofa. Likita ya hana ta sunkuyo, amma ta durƙusa ta jawo tabarmar da kanta. Ta bi su da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsaye ina kallo.

Sai ta ɗago ta ce, "Ruwa bai taɓa su ba?"

Na ce, "Bai taɓa ba, Dada."

Ta ce, "Kai ka kwashe su da ɗakin ya yi yoyo?"

Na ce ni ne. Ta kama hannuna ta yi ta sa mini albarka, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, babu wasa a ciki ko kaɗan. Sannan ta ce tunda na gan su, gara in sani. Ta ba ni labarin kiryar tun daga farko, yadda kika rubuta, har da abin da ba ki rubuta ba, wai a gindinta kakanmu ya fara yi mata magana. Ta ce, "Zaituna ta yi nisa, kuma mace ba ta zuwa maƙabarta. Kai za ka shiga ramin ka jera mini su da hannunka. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata alkawari, Adda. Me zan ce?

Ta sa na miƙo mata kwalbar man shanu, ta ce bana ciwon ido ya sa ta makara. Ina zaune ta shafe su duka tana yi musu magana. Dabararki ta yi aiki. Ni dai tun ranar ban cika cin abinci ba, kuma in ta tsokane ni da wasan miji sai in sunkuyar da kai, har ta fara tambaya ko wata ce ta ƙwace mata ni.

Tajuddeen

*

Gembu
Watan Satumba

Taju,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi mura ya warke.

Alhamdu lillahi. Sai yau na yi numfashi. Na san da nauyi, ni ma ina jin sa, amma ka dubi abin da muka tsare mata. Hankalinta a kwance yake, mu kuma mu ɗauki nauyin, ai mu muka jawo. Itace dai itace ne, Allah ya san niyyarmu.

Ka ci abinci, ka saki fuska, ka mayar mata da wasanta. Dada ba yarinya ba ce, in ka ci gaba da sunkuyar da kai za ta gane da wani abu. Kwalin na ɗaure shi na tura saman sif, ba na son ganinsa. Ka ƙona takardata ta baya.

Yayarka,
Zaituna

*

Soron Ɗinki, Kano
Watan Satumba

Adda,

Assalamu alaikum. Kada gabanki ya faɗi, Dada tana da rai, jininta ma bai hau ba. Amma ta sani.

Mun yi ta lissafin idonta da hannunta, muka manta da aljihun Baffa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo gaishe ta kamar yadda ya saba, ya tsuguna a bakin ƙofa. Goggo Halima tana nan, ni ma ina ciki ina gyara mata rediyo. Yana so ya faranta mata, tunda ido ya buɗe. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da mazaunin katin nan ya tura mata a kan tabarma.

Ya ce, "Dada, ga aikin mijinki. Tsofaffin katakan nan na ƙarƙashin gadonki da na ce a ƙona, dubi abin da ya mayar da su. Sani direba ya ce mini duka ya yanka, har Gembu aka kai."

Ta ɗauka ta juya shi, ta sa yatsa a ramin katin, ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Baffa yana ta murmushi yana jiran ta yaba.

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. Ta ce, "Jawo mini tabarmar can." Na jawo na buɗe. Ta ce, "To waɗannan fa, na wane ne?"

Na gaya mata komai, tun daga yoyon ɗaki har hanyar Wudil. Sunanki ne kawai ban ambata ba. Goggo ta fara salati, don sai a lokacin ta fahimci ko katakan mene ne. Baffa kuwa, Adda, ban taɓa ganin babban mutum ya koma haka ba. Ya cire hula, ya ce, "Ragowar na babana ne? Ni na taka su da ƙafa?" Ya fashe da kuka a gaban uwarsa, ita kuma ta kau da kai bango don kada ta gani.

Sai ta juyo gare ni ta ce, "Wa ya gaya maka guda bakwai ne? Wa ya gaya maka man shanu?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Bar shi. Mutum ɗaya ce ta sani."

Na zaci za ta yi faɗa, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. A hankali ta yi magana. Ta ce, "Wanda ka yanka, ba ka sani ba. Iska ce ta kayar da ita da farko, yau kuma inji ya cinye, duk na Allah ne. Amma kun zaunar da ni na shafa wa baƙon itace mai. Na gaya masa maganar da shekara arba'in ban gaya wa mutum ba, kana zaune kana kallona. Kuma da haka za ku rufe ni, ina murna."

Washegari ta sa aka kira masu kula da maƙabarta, ta ce su ɗauki sababbin katakan, duk baƙon da ya rasu ba shi da kowa a rufe shi da su. Ta ce ita in ta mutu a sa mata tukwane kamar kowa a birni. Ta sauke mini alkawarin da na ɗauka. Tun ranar ba ta sake kirana miji ba. In na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, Malam Tajuddeen," kamar wani baƙo ya zo daga ofis.

Akwai saƙonki. Na roƙe ta ta bari, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata, tunda na iya gyara. Ga shi:

"Ka gaya wa Zaituna na gaishe ta, da maigidanta da yara. Ka ce ban yi mata baki ba, ba kuma zan yi ba. Makullin akwatina da ke wajenta, ta ba direba ya kawo. Halima ce za ta yi mini wanka."

Na so in ce mata duk ni na shirya, amma na gaji da ƙarya, Adda, kuma ba za ta yarda ba.

Tajuddeen

*

Tashar Gembu

Taju,

Wa alaikumus salam.

A nan tasha Sani ya ba ni takardarka, a nan na karanta, ban iya jira in kai gida ba. Mutane suna ta kallona, ban damu ba.

Wankan ma? Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake riƙe da maganar katakan nan, ko Malam ban taɓa gaya wa ba. Duk tunanina kada jininta ya hau. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa zama za ta yi ta yi musu magana ba, ni da na sha riƙe mata kwalbar man. Kai rashin sani ne ya kai ka. Ni na sani sarai, kuma na aike ka.

Sani ya miƙo hannu in ba shi makullin, wai ka ce akwai saƙo. Ban ba shi ba. Ba ƙin umarninta na yi ba, nata ne, za ta karɓa. Amma da hannunta ta ba ni, ba zan mayar mata ta hannun direba ba. Gobe zan nemi izini a wajen aiki, in sun ba ni, in ba su ba ni ba, ina cikin motar ranar Laraba. Zan durƙusa in ajiye mata shi a gabanta. In ta ɗauka ta miƙa wa Goggo ina kallo, zan zauna in kalla.

Da farko na rubuta maka kada ka gaya mata ina tafe, don kada ta ce ba ta son ganina. Na soke layin, ga shi nan kana gani. Ka je ka gaya mata yau, da ranar, da abin da zai kawo ni. In ta ce kada in shiga ɗakinta, wannan ma ka gaya mini yadda ta faɗa.

Zaituna